Bayanin kayan aikin AI: a gwada shi a fagen aiki kafin a ba shi maki

Matasan da ke rubuta manhaja a Sakkwato, ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ko masu haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafi, ba a bar su a baya ba wajen yayin da ake ciki. Kowa so yake ƙirƙirarriyar basira ta AI ta wuce hira ta shiga aiki: ta duba farashi, ta rubuta rasit, ta tuna wa mai bashi. Kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu manhaja wannan ƙofa a watan Yunin 2023. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wanda ya zama hanya ɗaya ta jona AI da kayan aiki, wato sassan manhaja da take kira su yi mata aiki, shi ma OpenAI ya rungume shi a Maris na 2025.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, AI ba ta ganin cikin manhajar. Sunan kowane kayan aiki take gani, da 'yan layukan bayani, da jerin abubuwan da za ta cike. Da su kaɗai take yanke shawarar wanne za ta ɗauka da abin da za ta zuba masa. Yaro ne mai kaifin kai amma baƙo a gari, an miƙa masa takarda an aike shi kasuwa. Abin da takardar ba ta faɗa ba, da ka zai cike shi, kuma ba lallai ya dawo ya tambaya ba.

Shi ya sa aka fara neman hanyar auna ingancin waɗannan bayanai. Wadda ta fi sauƙi ita ce a sa wata AI ta karanta ta ba da maki: ya yi tsawo? an fayyace kowane gurbi? Ban raina wannan ba, domin tana kama ragwaye masu rubuta kalma uku su tashi, kuma jagorar Anthropic kanta ta ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane bayani. Sai dai ita mai ba da makin, rubutu kawai take gani. Za ta iya shaida cewa an tsara magana, ba za ta iya shaida cewa maganar gaskiya ce ba.

A ce wani ya haɗa wa dillalin albasa manhajar karɓar kuɗi daga masu saye a Kudu, ya jona ta da Paystack, tsarin biyan kuɗi ta intanet. Ya rubuta bayani mai kyau, Turanci ba gargada, a gurbin kuɗi ya ce "adadin da za a biya". To, Paystack da kwabo yake lissafi. Alhaji ya ce a nemi naira 85,000, AI ta rubuta 85000, mai saye ya ga naira 850 ya biya yana murmushi. Babu inda manhajar ta yi kuka, don a wurinta lamba ce daidai. Kalma biyu, "da kwabo", su ne suka ɓace, kuma mai ba da maki ba shi da hanyar sanin sun ɓace. Haka batun buhu: babba ko ƙarami? Haka wanda ke ciniki a Illela, inda naira da sefa ke gogayya a hannu ɗaya. Haka kwanan wata, da Amurkawa ke fara rubuta wata kafin rana.

Ni a wurina, layin da ya fi kowane daraja a bayani shi ne mai cewa "kada a yi amfani da wannan idan kaza". Manhaja takan zo da kayan aiki biyu masu kama da juna, ɗaya yana tsara saƙo, ɗaya yana tura shi. Idan ba a bambance su ba, AI za ta yi canki-canka, kuma saƙon da ya fita ba ya dawowa. Tsawaita bayani ba ya maganin wannan. Hasali ma duk bayanin da aka jona ana loda wa AI shi, ana kuma biyan kuɗin kowace kalma da dala, abin da mai manhaja a Sakkwato ya fi kowa jin zafinsa.

Akwai kuma mugunta. A Afrilun 2025 masu bincike na kamfanin tsaron AI mai suna Invariant Labs suka nuna yadda ake cusa ɓoyayyen umarni cikin bayanin kayan aiki, mutum bai gani a fuskar manhajarsa, AI kuwa ta karanta ta bi, har ta kwashe bayanan sirri ta miƙa. Irin wannan bayani yakan zo cikakke, tsaf, mai cin maki. Alamomin da MCP ya tanada na cewa wannan kayan karatu kawai yake yi, wancan yana iya gogewa, su ma da'awar marubucin ce kurum.

Don haka gwajin da nake ganin ya isa a kira shi gwaji, a fagen aiki ake yin sa. A tattara buƙatu na gaske yadda masu shago ke faɗarsu, da Hausarsu da gutsure-gutsuren maganarsu, har da waɗanda ya kamata AI ta ƙi ko ta tsaya ta yi tambaya. A sake ta, sannan a buɗe rajistar abin da ta yi a bi layi-layi: me ta ɗauka, me ta cike. Wanda zai zauna kusa da mai manhaja a wannan duba, yaron shagon da ke riƙe da littafin bashi ne, don shi zai hango naira 850 ya ce ba haka ba. Ranar da kamfani ya sauya samfurin AI ɗin kuwa, sai a sake gwajin tun daga farko, domin sabon ba lallai ya fahimci bayanin yadda tsohon ya fahimta ba.