Ana ba shi kai ya aske, ba a ba shi 'ya

A tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara, Dodo yana daji, mutane suna cikin gari, kuma ba a tambayar wane ne mugu. Finafinan Turawa masu duhu da tsofaffin gidaje da halittu masu ban tsoro, waɗanda suke kira gotik, da yawansu sun juya wannan tsari. A Frankenstein na 1931, mutanen ƙauye ne suka bi halittar da wuta a hannu har suka cinna wa maɓoyarta. Mai kallo yana tashi yana tausayin dodon, yana tsoron jama'a.

Wanda ya fi taɓa ni tun da na zo Amurka shi ne Edward Scissorhands, wanda Tim Burton ya yi a 1990, Johnny Depp ya fito a matsayin Edward. Wani tsoho ne ya ƙera shi, ya mutu kafin ya sa masa hannuwa, ya bar shi da almakasai a maimakon yatsu. Wata mata mai tallan kayan kwalliya gida-gida, Peg, ta tsinto shi a kangon gidan da ke kan tsauni, ta kawo shi unguwarsu. Gidaje duk zubi ɗaya, maza suna fita da motoci a lokaci ɗaya kowace safiya. Na san irin wannan unguwa, a cikinta nake haya.

Da farko kowa na rububinsa. Yana gyara musu shuke-shuken ƙofar gida, yana aske karnukansu, yana yi wa mata gyaran gashin da ba su taɓa gani ba. Amma da ya je banki neman rance don buɗe shagon aski, sai aka ce ba shi da takardu, ba shi da tarihin kuɗi, a wurinsu kamar bai wanzu ba. Duk wanda ya yi zaman ci-rani a nan ya san wannan teburin. Suna son hannunka a asibiti da gidan kula da tsofaffi da sitiyarin tasi, suna yi maka murmushi da gaske, amma ran da aka fasa wata mota a layin, kai ne za a fara leƙowa ta taga. Haka aka yi wa Edward, wanda ya kamu da son Kim, 'yar Peg: saurayinta ya jefa shi cikin fashin gida, matan da suka yi layi a gabansa su ne suka fara cewa dama can ba su yarda da shi ba.

Sai dai ba zan yarda mu kalli wannan fim mu ce halin Turawa ne kawai ba. A nan takarda ake tambayarka, a gida asali. Wajen karɓar baƙo mun fi su nesa ba kusa ba. A Kano ko Zinder baƙo zai samu ruwa da tabarma da tuwo kafin a tambayi sunansa. Amma bari ya ce yana son 'yar gidan. Nan take za a ji “ɗan wa ne?” Edward wanzami ne, kuma mun san gidajen da za su miƙa wa wanzami kansu da jaririnsu ranar suna, su sayi nama wurin mahauci kullum, amma maganar aure ta tsaya a zaure. Zabiya ma ta san wannan, haka wanda ya warke daga kuturta shekara da shekaru.

Abin da ban gamsu da shi a fim ɗin ba shi ne ƙarshensa. Edward ya koma kan tsauninsa, Kim ta ce wa jama'a ya mutu, kowa ya juya gida ba wanda ya ji kunya. An lulluɓe korar da kiɗa mai daɗi da dusar ƙanƙara har ta yi kyau a ido. Kora ba ta da kyau. Tsohuwar da aka yi wa ƙazafin maita a ƙauyukanmu ba ta da wani gida a kan tsauni da za ta koma. A ɗakinta take zama, yara na jifan ƙofarta, maƙwabtan da ta yi wa unguwar zoma suna hana 'ya'yansu karɓar ƙosai daga hannunta.