Sulken Ƙarfe Bai Kai Nauyin da Ake Zato Ba

Mutane da yawa sun ɗauka sulken ƙarfe na mayaƙan Turai nauyi gare shi, har sai an ciccibi mutum an ɗora shi kan doki. Ba haka ba ne. Cikakken sulken yaƙi na ƙarni na 15, irin na maƙeran birnin Milan na Italiya, yakan kai kilo 20 zuwa 25, kuma nauyin a rarrabe yake a jiki.

Masu ƙera shi yau don sha'awa sun san haka sarai. Kaurin farantin ƙarfen da suke bugawa da guduma yawanci milimita 1 zuwa 2 ne kawai. Lanƙwasar da aka yi masa ce ke ba shi ƙarfi, kuma a nan gwanintar maƙeri take. Zafi ne ya fi gallabar mai sanye da shi.