Ba da yawan maki ake auna Alun Wyn Jones ba

Masu kallon ƙwallon ƙafa sukan ɗauka cewa ɗan wasan gaba a ƙwallon zari-ruga shi ne mai cin maki, don haka idan makinsa bai taka kara ya karya ba, sai su raina shi. Ba haka abin yake ba.

Alun Wyn Jones, ɗan wasan zari-ruga haifaffen birnin Swansea na Wales a 1985, ya buga wa Wales wasa 158 daga 2006 zuwa 2023, da wasu 12 a British and Irish Lions, tawagar haɗin gwiwa ta Birtaniya da Ireland. Amma sau 9 kacal ya ci wa Wales maki ta hanyar dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya. Aikinsa daban ne. A lokacin da yake wasa, yana cikin ƙarti 8 'yan wasan gaba da ke haɗa kafaɗa su tunkuɗi abokan hamayya, shi ake ɗagawa sama ya cafe ƙwallo idan an jefo ta daga gefe, shi ke kayar da mai gudu ya tashi ya sake kayar da wani. Aiki ne mai cin jiki, wanda 'yan baya masu sauri ke morewa.

Da irin wannan wahalar ya jagoranci Wales ta doke dukkan abokan karawarta 5 a gasar Ƙasashe Shida na Turai ta 2019, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar.