Popper, celo, da gogen da muke jin kunyarsa

Wata abokiyar karatuna a nan Budapest, babban birnin ƙasar Hungary, ta gayyace ni makarantar kiɗa ta Liszt, inda ƙaninta zai yi kiɗa. Ginin kansa abin kallo ne, bango da rufi sun sha ado mai ruwan zinari, mutane sun ci kwalliya kamar ranar salla, kuma da aka fara ko tari ba ka ji. Yaron ya zauna, ya kafa wani ƙaton goge mai tsirkiya huɗu tsakanin gwiwoyinsa, wani tsinken ƙarfe na tokare da shi a ƙasa. Celo suke ce masa, kuma da izgar doki ake goga shi. Da muka fito sai ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, wane ne babban malamin goge a ƙasarmu, a wace makaranta ake koyar da darussansa. Tambayar nan ta sosa mini rai.

Kiɗan da yaron ya yi na David Popper ne. An haife shi a Prague, babban birnin ƙasar Cek ta yau, a 1843, cikin gidan Yahudawa. A 1868 ya zama jagoran masu celo a gidan opera (wasan kwaikwayo na waƙa) na fadar Vienna, babban birnin Austriya, daga baya ya ajiye aikin ya shiga zagayen Turai da kiɗansa. A 1886 ya fara koyarwa a Budapest, a shekarar ce kuma ya yi kiɗa tare da Brahms, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe. Darussa 40 da ya rubuta na horar da yatsu, har yau duk mai son ƙwarewa a celo sai ya sha wahalarsu, alhali mutumin ya rasu tun 1913.

Mu kuwa mun san matsayin mai goge a wurinmu. A yi masa liƙi da dare, da safe a kira shi ɗan bori, ya zo neman aure a hana shi. Ranar da ya mutu, abin da ke hannunsa ya bi shi kushewa. Na yarda namu ba ya bukatar takarda, yaro na bin ubangidansa ne har kunnensa ya nuna, kuma wallahi ba wani celo da ke taɓa mini zuciya irin kukuma. Amma yara nawa ne ke bin ubangidan yanzu?

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Popper baƙo ne a garin nan. Daula ɗaya ce ke mulkin Prague da Budapest a lokacin, sai dai ba harshe ɗaya ake yi ba. Duk da haka suka damƙa masa 'ya'yansu ya koyar, yau kuma suna alfahari da shi. Ni da nake zaune cikinsu, har yanzu in na shiga jirgin ƙasa akwai mai matsar da jakarsa. A Kano kuwa na taso ina ganin baƙo ya sauka a unguwarmu, kafin shekara ta zagayo an ba shi wurin zama a majalisar ƙofar gida, har ana neman shawararsa.