Saboda harafi biyu aka ƙi karɓar katin amaryata

Sati uku da ɗaura mana aure a unguwar Aboabo da ke Kumasi, Ghana, na zauna na duba takardunmu, tunda yanzu nauyin mutum biyu ne a wuyana. Katina na inshorar lafiya yana aiki, nata ya ƙare watan jiya. Aure kuwa ba ya shigar da mace cikin katin mijinta, kowa nasa yake yi. Na danna *929# a waya, na biya da Momo, wato kuɗin waya, saƙo ya shigo cewa an sabunta. Hankalina ya kwanta.

Ranar Talata zazzaɓi ya kayar da ita. Na rufe shago, muka tafi wani asibiti a nan Kumasi tun bayan asuba. Sai ƙarfe goma layi ya zo kanmu.

Na yi wa matar da ke tebur sallama, ba ta ɗago kai ba. Na miƙa katin da hannu biyu. Ta karɓa da 'yan yatsu, ta nemi Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ta jera su, ta yi tsaki.

"Abochi, wannan ba mutum ɗaya ba ne." Abochi, wato aboki, haka suke kiran Bahaushe.

Na ce, "Madam, ga ta nan a kan benci, ga hotonta a duka biyun."

Ta ce a nan an rubuta sunan mahaifinta Muhammad, a can Mohammed. Na ce suna ɗaya ne, ma'aikata ne suka rubuta, ba mu ba. Sai ta turo min katunan da bayan biro, ta ce ku 'yan Zango kullum sunanku canzawa yake yi, in biya kuɗi ko in matsa. A gaban jama'a, a gaban amaryata da ke rawar sanyi cikin mayafi! Ni da na zo da ladabi, ko sunana ba ta tambaya ba.

Na biya, don ba zan tsaya gardama matata na ƙuna ba. Maganin ma aka ce babu, na fita na sayo a kemis.

Wai ba a 2003 aka kafa dokar inshorar nan don a daina cewa sai ka biya kafin a duba ka ba? Harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayan da muke saya, da sunan lafiya ake karɓarsa. Wurin karɓa ba wanda ya taɓa tambayar yadda ake rubuta sunan ubana. Lokacin zaɓe ma 'yan siyasa sun san hanyar unguwannin Zango irin su Asawase da Nima, suna iya kiran sunayenmu daidai a bakin masallaci. Shekara da shekaru kowane ofishi na rubuta Abubakar da Usman yadda ya ga dama, gwamnati ba ta gyara ba, mu ake barin wa wahalar rantsuwa a kotu da kuɗin mota.

Ranar Litinin zan sake rufe shago in je neman gyaran harafi biyun nan, kuma ba wanda zai biya ni cinikin ranar.