Amfilifayar da Ta Yi Magana da Kanta

Malaminmu na lantarki ya ce silikon zalla ba ya wuce wuta sosai, sai an ɗan gurɓata shi. A zuba masa fosfaras, ilektron ya yi rara. A zuba boron, a samu ramuka, kuma wai ramukan nan tafiya suke yi. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, rami kuma da tafiya?" Ya ce in tuna gurbi a sahun sallah: wani ya matsa ya cike, gurbin ya koma gefe. Tun daga nan na fara jin kaina injiniya.

Da aka ba mu aikin haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, na nufi Sabon Gari na sayo LM386, ƴar aba mai transistoci a ciki da ke ƙara sautin, da kwandansa mai tara caji, da ƴar lasifika, da batir mai bolt 9. Wayar makirfo kuwa na bar ta doguwa, don ba na son yanka abin da na saya da kuɗina.

Da daddare na gama liƙi da dalma, yatsa ya sha ƙuna, na jona batir. Sai tsuwwa. Can sai wata murya ƙasa-ƙasa ta fito daga lasifikar tana ta bayani, ni kuwa ko tari ban yi ba.

Hajiya Kaka tana kan tabarma tana jan carbi. Ta miƙe da saurin da ban san tana da shi ba.

"A'uzubillahi! Kai Audu, me ka kwaso mana?"

"Hajiya, kimiyya ce."

"Kimiyyar gidanku! Wa ke ciki?"

Ƙanwata ta ruga kiran Baba, Hajiya na tofa wa allon amfilifayar Ayatul Kursiyyu. Ni ma dai a ɓoye na karanta tawa, don littafin bai ambaci wannan ba.

Washegari malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Doguwar wayar ce ta zama eriya, mahaɗar transistan da ke cikin LM386 ta yi aikin dayod, mai barin wuta ta wuce ta ɓangare ɗaya kawai, ta tace siginar tashar rediyon AM da ke kusa. Ya ce in gajarta wayar, in sa ƙaramar kwandansa a mashigar.

Na dawo gida da almakashi, na tarar Hajiya ta jawo abin kusa da filonta.

"Kada ka taɓa mini shi," in ji ta. "Ya fi rediyon babanka kama tasha, kuma yanzu za a yi sanarwar rasuwa."