Bayan Bala'i, Wa Ya Rage Tare da Wa?

Duk sa'ad da hotunan gobarar daji ko mahaukaciyar guguwa suka cika mana waya, za ka ji wani ya ce: "A bar shi, daji zai gyara kansa." Akwai gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba, kuma abin da aka bari a baya shi ne ke hana ni sukuni. Ku yi haƙuri da ni jama'a, rubutun zai ɗan yi tsawo.

In fara da inda na yarda. Dajin da ya daɗe ba abin da ya taɓa shi, zaman kashin dankali ake yi a cikinsa, babba ya danne ƙarami. Manyan itatuwa sun tare rana, saiwoyinsu sun kame ruwa, ƙananan tsirrai suna ƙasa a takure, tsabar wasu ma ta shekara da shekaru a binne tana jira. Ranar da iska ta tuge babban itace haske ya sauko, sai wurin ya cika da tsiron da ba a taɓa gani ba. A 1978 masanin muhalli Joseph Connell ya kawo ra'ayin cewa nau'o'in halittu sun fi yawa a inda bala'i ke zuwa jefi-jefi, fiye da inda yake zuwa kullum ko inda bai zuwa sam. Har yau masana suna ja-in-ja a kan iyakar wannan ra'ayi, amma ba mai musun cewa bala'i kan karya mulkin mai ƙarfi. Gobarar 1988 ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na gandun Yellowstone a Amurka, amma a can akwai itatuwan fain da 'ya'yansu ke liƙe da ƙaro, zafin wuta ne ke narkar da shi tsabar ta zubo a kan toka. Wuta ce ke yi musu shuka.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sha'anin gasa shi ne labarin wani ɗan tsibiri mai suna Daphne Major a Galafagos, wasu tsibirai a tekun Pasifik, inda Peter Grant da matarsa Rosemary suka kwashe shekara 40 suna auna bakin wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba. A 1977 aka yi fari mai tsanani. Ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, abin da ya saura sai 'ya'yan wani tsiro dangin tsidau, masu tauri da ƙaya. Kusan kashi 85 cikin 100 na wani nau'in tsuntsayen mai matsakaicin girma suka mutu. Waɗanda suka sha yawanci masu kaurin baki ne, don su ne ke iya fasa tsidau, kuma 'ya'yansu suka gaji bakin.

Sai a 1982 wani nau'in ya kafa gida a tsibirin, ɗan'uwansu ne amma ya kusa ninka su nauyi, bakinsa kuma fasa tsidau ba ya ba shi wahala. Da fari ya dawo a 2003 da 2004, matsakaitan nan masu kaurin baki suka je wurin tsidau suka tarar an riga su, ana kuma korarsu. Wannan karon su ne suka fi mutuwa, masu siririn baki da ke tsintar ƙananan tsaba suka rayu. Ku duba fa: tsibiri ɗaya, fari iri ɗaya, nau'in tsuntsu ɗaya, amma bakin da ya ceci kakanni shi ya halaka jikoki, saboda kawai maƙwabci ya canja. Tun daga nan na daina yarda da zancen "mai ƙarfi shi ke tsira." Tsira ta danganta da wanda ke gefenka a ranar da abin ya faru.

To ita gasa ke nan, ko an rushe ta za ta sake tashi da sabbin 'yan takara. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne mai wuyar ɗinki in ya yage, kuma shi ne ke dawo da rai inda ya ƙare ƙurmus.

Ranar 18 ga Mayu 1980 dutsen St. Helens ya yi aman wuta a jihar Washington, ya bar wani fili da ba ciyawa ko ɗaya, sai toka da tsakuwa marasa taki. Cikin shekara biyu aka ga wani ɗan tsiro dangin wake mai shuɗin fure, ana kiransa lufin, ya kama a tsakiyar filin. Ba shi kaɗai ya zo ba. A saiwarsa akwai 'yan ƙulli-ƙulli, cikinsu bakteriya ce ke zaune, tana ɗebo naitirojin, sinadarin taki, daga iska tana ba shi, shi kuma yana ciyar da ita da sukarin da ganyensa ya haɗa. In ya mutu ya ruɓe, sai ya bar taki ga wanda zai biyo baya. Haka a Karakatau ta Indonesiya, bayan aman wutar 1883 da ya kashe mutum sama da 36,000 ya kuma ƙone tsibiran tas. Jemagu da tsuntsaye ne suka ƙetaro teku da tsabar ɓaure a cikinsu. Amma ɓaure ba ya yin tsaba mai tsira sai wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya shiga cikin 'ya'yansa ya yi masa barbara, kuma galibi kowane ɓaure da irin nasa ƙwaron. Sai da ƙwaron ma ya iso kafin ɓauren ya fara haihuwa, ya jawo ƙarin jemagu, su kuma su kawo tsabar wasu itatuwa. Da ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, da dajin da ke wurin yau wani iri ne daban.

Yanzu ga labarin da ya sa na ce "daji zai gyara kansa" bai cika ba. A watan Agusta 1980 guguwar Allen ta ragargaza murjanin gaɓar arewacin Jamaika, wato ƙananan halittun teku masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa. Wannan ba baƙon abu ba ne, murjanin yankin ya sha guguwa tun fil azal yana farfaɗowa. Sharaɗin farfaɗowar ɗaya ne: a sami mai kiwo da zai riƙa cinye gansakukar teku a kan duwatsu, don jariran murjani su sami wurin kamawa. Kifaye masu cin gansakuka ne ke wannan aiki, amma an daɗe da kame su fiye da kima. Duk nauyin ya koma kan wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi, bushiyar teku. Ta riƙe aikin, murjani ya fara dawowa. Sai a 1983 annoba ta faɗa wa bushiyar, ta kusa ƙarar da ita a Jamaika baki ɗaya. Ba kifi, ba bushiya. Gansakuka ta lulluɓe komai. Binciken da Terry Hughes ya wallafa a 1994 ya nuna murjanin da a da ya rufe kusan kashi 52 cikin 100 na wurin ya koma kashi 3, gansakuka kuwa ta tashi daga kashi 4 zuwa 92.

A kan wa za a ɗora wannan? Guguwa ta yi nata, annoba ta yi nata, amma hannun da ya kwashe kifin tun kafin su zo, namu ne. A da masu kiwo iri-iri ne, in ɗaya ya faɗi wani ya tare. Mu ne muka rage su zuwa ɗaya, muka kuma ɗauka lafiya lau ake saboda daga sama ba a ga wani canji ba.

Wallahi abin yana damuna yadda muke lissafin asara. Bayan kowane bala'i sai a ce hekta kaza ta ƙone, dabba kaza ta mutu. Da wuya ka ji an tambaya ko mai yi wa itacen nan barbara ya tsira, ko tsuntsun da ya tsere wa wuta zai tarar da itacen da yake ci. A tsibirin Kangaroo na Ostireliya akwai wani baƙin aku da kusan tsabar itace iri guda kaɗai yake ci. Gobarar 2019 zuwa 2020 ta ƙone kusan rabin tsibirin. Akun yana da fiffike, yana iya guje wa wuta, amma itacen sai ya shekara da yawa kafin ya sake ba da tsaba. Saboda haka ni a ganina, kuɗin da ake kashewa bayan bala'i wajen dasa itace iri ɗaya a jere don a ɗauki hoto, ya fi amfani a kashe shi tun kafin bala'in wajen kare ƙudan zuma, jemagu, kifaye masu kiwo da sauran waɗanda ba a sa su a kalanda.

Sai kuma batun tazara tsakanin wani bala'i da na bayansa. Shi kansa murjani zaman haɗin gwiwa ne: dabba ce, a cikin jikinta akwai ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke ba ta launi da mafi yawan abincinta. In zafin ruwa ya ɗara na al'ada da digiri ɗaya kacal na wasu makonni, sai ta amayar da su, ta yi fari fat, ta shiga yunwa. A 2016 kusan kashi 30 cikin 100 na murjanin ruwa marar zurfi ya mutu a Babban Shingen Murjani na Ostireliya. Irin mai saurin girma ma yana buƙatar shekara 10 zuwa 15 kafin ya dawo. Zafin ya sake zuwa a 2017, da 2020, da 2022, da 2024. Duk mai cewa a bar shi zai gyara kansa, ya gaya mana a wace shekara daga cikin waɗannan ya kamata ya yi gyaran.